Ba Dabbobi Ba Ne, Wasunsu Ɗalibaina Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Jaridarku tana iso mu nan Gadarif ta wayar hannu duk ranar da intanet ya yi mana sassauci, kuma mukan taru a karanta wa waɗanda idonsu ya yi rauni.

Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya yi sharhi a shafinku kan yaƙin Sudan, ya ce masu aikata wannan ta'asa ba mutane ba ne, dabbobi ne. Allah Ya saka masa da ya tuna da mu a lokacin da duniya ta kau da kai. Amma ban yarda da maganarsa ba, domin wasu daga cikin waɗanda yake magana a kansu ni na koya musu lissafi da hannuna.

Ni Bahaushe ne haifaffen Roseires, a jihar Blue Nile. Kakanninmu sun taso daga Yamma, wasu a kan hanyar Makka guzuri ya ƙare musu suka zauna, wasu kuma sun biyo Mai Wurno bayan Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har suka kafa garin Maiurno kusa da Sinnar. A nan Fallata ake ce mana, ko Takari. Aikina koyarwa ne a firamare har na yi ritaya, kuma ajina bai taɓa zama na ƙabila ɗaya ba. Akwai 'ya'yan Hausawa, da na Berta, da na Hamaj, da na Funj, duka a benci guda.

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakaninmu da maƙwabtanmu. Tushensa ƙasa ce da sarauta. Hausawa sun nemi a ba su tasu masarautar gargajiya, maƙwabta suka ce mai ƙasa ne kaɗai ke da sarauta, mu kuwa baƙi ne ko da an haifi kakanninmu a wurin. Ga kuma matsin gona tun da aka ƙara wa dam ɗin Roseires tsayi a 2013, ruwa ya ci ƙauyuka aka kwashe mutane zuwa sababbin matsugunai. 'Yan siyasa suka hura wutar. Cikin 'yan kwanaki aka kashe mutum sama da 100, a watan Oktoba kuma wajen 200 a yankin Wad al-Mahi. Cikin waɗanda suka zo unguwarmu da adda da galan ɗin fetur na gane wani yaro da ke rige-rigen ɗaukar mini jaka in na shigo makaranta. Ya gan ni, ya sunkuyar da kai, ya wuce gidana ya cinna wa na gaba wuta.

Wannan ɓangaren labarin kowa ya ji shi, kafafen Hausa sun ba da shi da kyau. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne namu samarin ma sun yi. A Kassala masu zanga-zangarmu sun ƙona ofisoshin gwamnati da shaguna. A Blue Nile akwai ƙauyukan maƙwabta da aka wayi gari sun zama toka, kuma ba aljanu ne suka ƙona su ba. Bayan mun gudu Wad Madani, wani saurayi Bahaushe, shi ma tsohon ɗalibina, ya zauna a majalisa yana ba da labarin wani tsoho da ya riska a bakin kogi yana ƙoƙarin shiga kwalekwale. Yana faɗa yana dariya, mutane suna ce masa namiji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai kuma babban yaƙi ya zo a 15 ga Afrilun 2023, tsakanin sojojin Janar Burhan da rundunar RSF ta Hemedti, waɗanda mu a nan muke kira Da'ama. A Disambar shekarar RSF suka kama Wad Madani, muka sake ɗaukar ƙunshinmu. Ba sai na jero muku duk abin da suka yi ba: kisan 'yan ƙabilar Masalit a Geneina, da mutum sama da 100 da aka kashe a ƙauyen Wad al-Noura a Yunin 2024, da abin da ya biyo bayan faɗuwar El Fasher a Oktoban 2025. Amma a tuna kuma da Kambo Tayba, zangon leburorin gona a Jazira, inda mayaƙan da ke ɓangaren soja suka kashe mutum aƙalla 26 a Janairun 2025 bisa zargin suna tare da abokan gaba. Duk ɓangarorin nan suna kabbara kafin su harba.

A Gadarif an sauke mu a wata makaranta, iyali-iyali a cikin azuzuwa, zane ne kawai ya raba mu. Wanda ke bayan zanena wani dattijo ne daga Duwatsun Nuba, Kirista, tela, kuma dattijo a cocinsu. Ina ce masa Ammu, shi kuma yana ce mini Ustaz. Jirgin yaƙin gwamnati ƙirar Antonov ya kashe masa jika a gona a yaƙin da aka sake tayarwa a yankinsu a 2011, kuma kowa ya san da sunan wane addini gwamnatin lokacin take magana. Duk da haka shi ne yake tashe ni sallar asuba in barci ya ɗauke ni.

Wata rana ana karo-karon kuɗi a makarantar don karɓo wani magidanci da masu bindiga suka riƙe, suka ce a tura musu ta waya ko su aiko da hoton gawarsa. Ku da ke Zamfara da Katsina ba sai an yi muku bayanin wannan ba. Muna shan jabana, wato gahawar Sudan, da dare sai Ammu ya ce, "Ustaz, ka ga mutumin nan? Ko gidansa cike yake da kuɗi ba zai iya fansar kansa ba, hannunsa a ɗaure yake. Sai wani daga waje ya biya. To mu abin da muka yarda da shi ke nan game da ɗan Adam gaba ɗaya." Na ce, to shi mai bindigar fa? Ya ce, "Ai shi igiyarsa ta fi kauri. Wanda aka ɗaure ya san a ɗaure yake. Mai bindiga gani yake shi ne sakakke."

Bari in faɗi koyarwar tasu yadda na fahimce ta daga bakinsa, domin mu Musulmi sau da yawa muna musun abin da ba mu tsaya mun saurara ba. Suna cewa mugunta ba baƙuwa ba ce da ke shiga wasu ta ƙyale wasu. Tun daga Adamu take cikin kowa, kuma Bulus, ɗaya daga cikin manzannin da Kiristoci ke bi, ya rubuta wa mutanen Roma cewa duka an yi zunubi, ba a cire kowa ba. Mutum ba ya iya wanke kansa da aikinsa. Saboda haka, a imaninsu, Allah da kanSa ya ɗauki nauyin: Almasihu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, kuma mutuwarsa a kan gicciye ita ce biyan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda labarin nasu bai ɓoye muguntar ba. Akwai bulala, da tofa yawu, da sojoji suna caca kan rigarsa, da gwamna da ya san mutumin ba shi da laifi amma ya wanke hannu ya miƙa shi, da taron jama'a masu ihu, da aminin da ya ce bai san shi ba. Ammu ya ce duk wanda ya karanta da gaskiya zai tsinci kansa a ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma a tsakiyar haka ne wanda ake kashewa ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ya ce ba su san abin da suke yi ba. Ɗan fashin da aka gicciye kusa da shi, wanda ya amsa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai ne, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Shi kansa Bulus, kafin ya tuba, yana tsaye yana gadin rigunan waɗanda suka jefe Istifanas, wani mabiyin Almasihu, har lahira.

Ni Musulmi ne, kuma na faɗa masa inda muka rabu. Alƙur'ani ya ce ba su kashe Annabi Isa, alaihis salam, ba kuma ba su gicciye shi ba, ya kuma ce babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. A wurinmu bawa yana tuba kai tsaye, Ubangiji kuma Yana gafartawa ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Muna da hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cike na 100 da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba, kuma daga ƙarshe rahama ta riske shi. Muna da Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza ya zo ya musulunta aka karɓe shi. Ba mu rasa ƙofa ba. Sai dai na lura mun daina ambatonta a kan mumbari. Tun da aka fara yaƙin nan, huɗubar da nake ji ita ce ta Allah Ya tarwatsa su, ba na jin mai cewa Allah Ya shirye su, balle mai cewa mu duba namu hannun.

Ammu ne kuma ya ba ni labarin Bakhita, wadda kunya ce a ce ɗan Sudan mai shekaruna bai san ta sosai ba. An haife ta a Darfur wajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana yarinya, tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. An sayar da ita hannu zuwa hannu, a El Obeid da Khartum. A gidan wani janar Baturke aka zana mata jiki da gari, aka bi zanen da aska, tsaga 114, ana cusa gishiri a ciki don tabon ya tashi, uwar gida tana tsaye tana kallo. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta, daga baya ya tafi da ita ƙasarsu. A 1889 kotu a can ta yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Ta karɓi baftisma a 1890, ta zama sista, ta rasu a 1947, kuma a 2000 Paparoma John Paul na Biyu ya sanya ta cikin tsarkakan cocin Katolika. An ruwaito ta ce da za ta haɗu da waɗanda suka sace ta, har da waɗanda suka azabtar da ita, da ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, domin ta hanyarsu ta san Almasihu.

Wannan maganar ta yi mini nauyi, har yau ma. Ita tana da ikon yafe tsagar jikinta. Amma akwai dubban 'yan mata da aka kora tare da ita a wannan hanya, suka mutu ba a san sunansu ba, kuma ba wanda zai sumbaci hannu a madadinsu. Na kuma tuna wa Ammu cewa wannan koyarwa ba ta hana Kiristocin Ruwanda yanka junansu a cikin coci a 1994 ba, har kotun duniya ta ɗaure wani fada kan rushe coci a kan mutanen da suka fake a ciki. Ba ta hana Salva Kiir da Riek Machar jefa Sudan ta Kudu cikin yaƙi a Disambar 2013 ba, har sai da Paparoma Francis ya durƙusa ya sumbaci ƙafafunsu a 2019 yana roƙonsu zaman lafiya. Ammu bai yi musu ba. Ya ce, "Da mu masu kirki ne, Ustaz, me za mu yi da mai fansa?"

Abin da na fi tsoro shi ne yadda manya ke son kalmar yafiya. Sudan ta sha afuwa har ta ƙoshi. Janjawid da suka ƙona Darfur daga 2003 ba a hukunta su ba, sai ma aka ɗinka musu kaki a 2013 aka ce sun zama RSF. Kotun duniya tana neman Umar al-Bashir tun 2009 ba a miƙa shi ba. Sai a Oktoban 2025 aka samu Ali Kushayb, ɗaya daga cikin jagororin Janjawid, da laifi, shekara fiye da 20 bayan abin da ya aikata. Ammu ya ce wannan ba ita ce fansar da suke nufi ba. Ya kawo labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda da Almasihu ya shiga gidansa ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, kuma duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. A nan kam bakinmu ya zo ɗaya, domin mu ma mun san haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Shi wancan saurayin na majalisa yana nan Gadarif, yana tura baro a kasuwa. Ya daina ba da labarin tsohon nan. Mahaifiyarsa ta zo ta ce mini ba ya barci, an yi rubutu an yi hayaƙi ba sauƙi. Da ya zo wurina ban ce masa dabba ba ne, ban kuma ce masa ba komai ba. Na ce ya fara da neman sanin sunan tsohon da inda 'ya'yansa suke. Har yanzu bai amsa ba, amma yana zuwa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in za ku sake rubutu kan Hausawan Blue Nile, ku nemi wani daga Berta ko Hamaj shi ma ya faɗi abin da aka yi masa, ku buga kusa da namu. Akwai masu jin Larabci cikin ma'aikatanku, kuma mutanen suna nan a sansanonin Damazin, wayarsu tana shiga.

Wassalam.

Tsohon malamin firamare,
Gadarif, Sudan.