Godiya ga masu kula da Fadar ʻIolani ta Honolulu

Zuwa ga ƙungiyar Friends of ʻIolani Palace da dukkan ma'aikatan fadar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ziyarci fadarku, tsohuwar fadar sarakunan tsibiran Hawaii da ke birnin Honolulu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne saboda yabon gwani ya zama dole.

Tun daga bakin ƙofa ma'aikatanku suka miƙo mana rufin takalmi na yadi, kowa ya zura a ƙafa don kada a kankare daɓen katakon. Wanda ya tashi inda ake tuɓe takalmi kafin a je gaban sarki, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa, daɗi ma na ji. Baiwar Allahn da ta zagaya da mu, dattijuwa mai haƙuri da yawan tambaya, ta tsayar da mu a gindin matattakalar nan mai sheƙi ta koa, wani itacen Hawaii. A nan ta bayyana mana cewa a 1882 Sarki Kalākaua ya kammala ginin, kuma a 1887 har wutar lantarki ta shiga, shekaru kafin fadar shugaban Amurka ta samu tata.

Amma ɗakin nan na saman bene shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba ku shafa wa labarin zuma ba. Ƙarara aka faɗa mana yadda a Janairun 1893 wasu attajirai Turawa, da sojojin ruwan Amurka a bayansu, suka tumɓuke Sarauniya Liliʻuokalani, sannan a 1895 aka kulle ta kusan wata takwas a wannan ɗaki guda cikin fadar da ta yi mulki. Bargon da ta fara ɗinkawa a tsare yana nan cikin gilashi, ƙyallaye kala-kala an harhaɗa, ga sunaye da ranaku an rubuta da zare da allura. Mun daɗe a kansa, ba wanda ya hanzarta mu. Gidajen tarihi da yawa kan nuna wa baƙo kujerar mulki da gwala-gwalai su sallame shi. Ku kun riƙe mu har sai da muka ji yadda sarautar ta ƙare.

Sai kuma wahalar da ba kowa ke gani ba. Bayan juyin mulkin an yi gwanjon kayan fadar, gidan ya koma ofisoshin gwamnati har 1969. Ku kuka gyara shi, aka buɗe wa jama'a a 1978, kuka kuma dinga bin sawun kayan, kujera a wannan gari, faranti a wata ƙasa, kuna dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Har yau cigiyar ba ta ƙare ba. Wannan aiki sai mai naci.

Ku miƙa gaisuwata ga masu shara da goge-goge, da masu kula da filin fadar. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wani baƙo daga Kano