Zuwa ga Dogo, a Yamai

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Maman Abba da yara, ya zafin Yamai? Tun babbar sallah ban ji ɗuriyarka ba, sai wannan saƙon murya da ka jefo kana tambayar kuɗin fili a Rijiyar Zaki, ko gaisuwar kirki babu. Maganar filin sai wani lokaci. Bari dai in fara da abin da ya zaunar da ni rubutu: Ummi ta iya karatu!

Na san za ka ce to ai aji biyu take, mene ne abin murna. Tsaya ka ji. Tun nazare muke zuba kuɗin makaranta, littafinta tsaf, rubutu reras, tana rera ABCD har ƙarshe, tana "A for apple" har maƙwabta su ji. Ashe duk hadda ce. Ranar da asiri ya tonu, uwarta ce ta sa tafin hannu ta rufe hoton da ke shafin, ta ce karanta mini kalmar da ke ƙasa. Yarinya ta yi tsuru-tsuru. Kalma mai harafi uku fa! Abin da malama ta rubuta a allo zana shi kawai take yi, ba ta san kowane baƙi da sautin da yake ɗauke da shi ba. Na je makarantar raina a ɓace, hedimasta ya zaro mini sakamako wai ta zo ta huɗu a aji. Na ce to Allah ya ji ƙan na arba'in. Kuma makarantar nan, yaro ya kuskura ya yi Hausa, tara ake cin sa.

Baffa ne ya fitar da mu. Ka san shi da tsiya tun da ya yi ritaya. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi allo, ka manta yadda aka koya maka?" Wallahi sai na tuno mu a zauren Malam muna "alu, ambaki, wau, zal", kai kana gyangyaɗi dorina na sauka. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru a ɗora wa baƙi wasali, sai yaro ya iya haɗawa kafin a sake shi ya shiga zube. Ba a tsallake. Haka Baffa ya yi da ita a bayan tsohuwar kalanda, kullum bayan la'asar, ba ya wuce ɗan lokaci: ba, be, bi, bo, bu. Sai ya haɗa gaɓa biyu, ba da ba, ta ce "baba", ta ɗago kai ta dube shi, domin wannan kalma ce da ta sani. Ya ce sirrin ke nan. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma in yaro ya haɗa sautin zai ji ma'ana ta faɗo masa. A Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi sauti biyu ko uku, ga shi ko ta haɗa daidai ba ta san me ta ce ba.

Har yanzu tana juya b da d, lanƙwasar ɗ da ƙ kuwa sai ta ga dama take sa ta. Baffa ya ce in ƙyale ta, yawancin yara masu shekarunta haka suke, hannu zai faɗa.

To, ranar Juma'a muna cikin A Daidaita Sahu da surukina, Alhaji da kansa, aka tsaya a danja. Sai na ji ta tana gunaguni tana kallon wata katanga: "An… ha… na…" Kafin in ankara ta ɗaga murya, "fi-tsa-ri a nan! Abba, an hana fitsari a nan!" Mai babur har da tafi. Alhaji ya kau da kai yana jan carbi, amma na ga kafaɗarsa na rawa. Tun daga ranar ba mu huta ba: buhun shinkafa, kwalin magani, bayan tirela, har saƙonnin wayar uwarta, wanda ya sa dole aka sa wa wayar makulli.

Abin da ke ci mini rai, ba sabon ilimi ba ne wannan. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, kuma ko a Turancin ba su gaza takwarorinsu ba. A 2022 gwamnatin Najeriya ta ce a koyar da harshen uwa har aji shida, a 2025 kuma ta ce ta fasa, a koma Turanci. Bankin Duniya ya ce a 2022 kusan yara 7 cikin 10 masu shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane. Da ba a rufe hoton nan ba, da Ummi na cikinsu, da lambar yabonta.

Af, Na-Allah ya ƙara aure. E, shi dai, mai rantsuwar nan. Bashinka kuwa ya ce sai bayan biki.

Ƙanin Ummi shi ma ya shiga sahu. Ya cika bangon tsakar gida da gawayi, in ka tambaya ya ce sunansa ya rubuta. Yakan ɗauki littafi a juye ya zauna yana "karanta" mana Gizo da Ƙoƙi kamar yadda Hajiya ke ba su da dare. Na so in hana shi ɓata bango, Baffa ya ce kul, daga nan ake farawa; yaron da ya sha tatsuniya ya tara kalmomi, ranar da ya gane baƙi ba zai sha wuya ba. Fentin dai ni zan saya, ba Baffa ba.

Ya Abba da Faransanci? Don Allah ka rufe masa hoto ka gwada shi, ka faɗa mini gaskiya, ban da cika bakin da ka saba. In direban nan zai taso, a haɗo mu da kilishi da cuku, na bara ko ƙamshinsa bai iso gidana ba. Hajiya na gaishe ku, ta ce har yanzu tana jiran hoton jaririyar.

Naka,
Baban Ummi