Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Ma'aikatan Lafiya 'Yan Arewa Mazauna Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bana ƙarfinmu ya fi karkata kan laccocin wata-wata da muka riƙa yi a Idi-Araba game da haidurojel (wani abu mai laushi da ke riƙe ruwa) mai ɗinke kansa. Abin da ya kai mu ga wannan shi ne kukan ciwon gwiwa da muke ji kullum daga 'yan dako a kasuwar Mile 12 da dattawanmu na Agege. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa in ya cinye da wuya ya farfaɗo; ana fatan wata rana haidurojel ya taimaka wajen gyara shi.

Haidurojel abu ne mai laushi kamar kokon da ya huce ya kama jikinsa. Zaruruwan folima (dogayen ƙwayoyin sinadari masu kama da sarƙa) ne ke riƙe da ruwa a cikinsa, a wani ma ruwan ya haura kashi 90 cikin 100. Masana kimiyya Wichterle da Lim ne suka bayyana shi don amfanin jiki a 1960, daga nan aka samu tabarau mai laushi da ake mannawa a ido. A 2003 Farfesa Jian Ping Gong ta Jami'ar Hokkaido a Japan ta haɗa saƙar zaruruwa iri biyu wuri guda, haidurojel ɗin ya yi ƙwari sosai. Laccar da ta fi jan hankali ita ce ta aikin jami'o'in Aalto da Bayreuth na 2025: sun saka siraran faifan yumɓu a tsakanin zaruruwan, in an yanka shi sai zaruruwan su sake sarƙewa, cikin awa 24 ya haɗe.

Amma fa mai ɗinke kansan nan har yanzu a ɗakin gwaji yake. Wannan ne saƙon da muka kai kasuwa da masallatai bayan sallar Juma'a, domin akwai masu tallar man shafawa suna cewa yana tsirar da guringuntsi. Yaudara ce, kuma talakan da ya yini ɗauke da buhun albasa ake cuta. Mai ciwon gwiwa ya je asibitin ƙashi na Igbobi a duba shi.

Wanda ke hannunmu yanzu shi ne haidurojel na ɗaure ƙuna da gyambo, kuma mun horar da matasan nas-nas ɗinmu yadda ake sa shi.

Kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba, don haka ziyarar Obalende sai baɗi in Allah Ya kai mu. Ma'aji zai karanta lissafi a babban taro. Masu bashi a taimaka a biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya