Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan sayen kwamfutar tebur

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu? Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Na ga saƙonki da hotunan kwamfutoci uku da kika turo, na kuma fahimci abin da kika tara bai taka kara ya karya ba. Kada wannan ya sa ki karaya. Aikinki rubutu ne, da lissafi a Excel, da darasi ta intanet, kuma wannan ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a cikin kwamfutar tebur akwai abin da ake iya ƙarawa daga baya, akwai kuma wanda in kin saya kin saya ke nan. Ɗan abin da ke hannunki ya fara tafiya kan na biyun.

Na biyun nan shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk aikin kwamfuta. Ana iya sauya shi, amma sai da ɗan'uwansa na zamaninsa, domin madabod, wato babban falen da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kansa, ba ya karɓar wanda ya zo bayansa da nisa. To, ki dubi hotonki na farko, wannan mai gilashi a gefe da fitilu masu sauya launi, wadda aka rubuta wa i7 da manyan baƙaƙe. Na san ita ce ta fi kwanta miki, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Da na ƙara girman hoton sai na ga cikakken sunan, i7-3770. A tsarin Intel, kamfanin da ya ƙera furosesan, lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubi, wato wannan zubi na 3 ne, na shekarar 2012. Idan lambobin biyar ne, kamar i5-10500, biyun farko ake karantawa, zubi na 10 ke nan. Mai sayarwa zai yi ta nanata miki i7 saboda ya san kunne ya saba da cewa bakwai ta fi biyar. Amma i5-8500 na 2018 yana da cibiyoyin aiki shida, wancan kuwa huɗu gare shi, kuma shekara shida ce tsakaninsu.

Ba sauri kaɗai ne dalilina ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adi da ya ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren kamfanin AMD, tare da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutar da ta gaza wannan za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa ba wanda zai ƙara toshe mata su, ke kuma a kanta za ki riƙa buɗe imel da asusunki. Ki kula da wani abu: ganin Windows 11 a kan allo ba hujja ba ce. Akwai dabarar da ake yi a cusa ta a tsohuwar na'ura, kuma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Lambar furosesa za ki duba, ba fuskar allo ba.

Ta biyun sabuwa ce fil a kwalinta, na kuma san daɗin a ce kai ka fara buɗe abu. Amma Celeron ne a cikinta, wato ƙaramin furosesa mai rauni, da RAM giga 4 (RAM ita ce inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin), da ma'ajiya giga 64. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke yarda ta zauna a kai, ba abin da mutum zai yi aiki da shi cikin natsuwa ba. Irin waɗannan sau da yawa a liƙe ma'ajiyarsu take da madabod, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Ki bar ta.

Ta ukun ita nake so ki koma ki duba da kyau, wannan baƙar mara ado. Irin su Dell OptiPlex, da HP EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre an ƙera su ne don ofisoshi, inda ake kunna su tun safe har yamma. Manyan kamfanoni kan sauya su bayan 'yan shekaru ko da ƙalau suke, shi ya sa ta hannu ke samuwa da sauƙi, kayan gyaranta ma ba sa wuya. Abin da ya fi burge ni da su shi ne an yi su ne don a buɗe. Yawancinsu ko sukudireba ba a nema: ki ja ɗan maƙallin da ke baya, murfin gefe ya zame. Ki sa a buɗe miki. Za ki ga dogayen ramuka siriri, biyu ko huɗu, kusa da fanka, kowanne da 'yan maƙalai a bakinsa. Mazaunin RAM ke nan. Ki ƙirga nawa ne a cike, nawa ne babu kowa. Ki kuma leƙa fankar: ƙura kaɗan ba komai, amma idan ta dunƙule ta toshe tsakanin ƙarafan da ke ƙarƙashinta, na'urar ta daɗe tana aiki cikin zafi.

RAM giga 8 za ta riƙe ki yanzu, muddin akwai ramin da ba kowa. Ran da hali ya samu ki sayo wata giga 8 irinta, ki danna ta har maƙalan su ce ƙas, kin koma 16. Ki dai tabbatar da nau'in, domin DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, kuma na'urorin zubi na 8 da DDR4 suke aiki.

Sai ma'ajiya, kuma a nan ne nake roƙon kada ki bari yawan lamba ya ruɗe ki. Za a nuna miki mai giga 1000 ta tsohon faifai mai juyawa, da mai giga 256 ta SSD, a ce ai ta farkon ta fi girma. Ta fi girma, gaskiya ne. Amma faifan nan juyawa yake yi, sau 7200 a minti a yawancin na tebur, wata 'yar allura tana kai da kawo tana neman bayani, ke kina zaune kina jira. SSD ba abin da ke motsi a cikinta. Ta talaka ma tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, irin wadda ake kira NVMe kuwa ta kan haura 3000. Yawancin nauyin da mutane ke kuka da shi a tsohuwar kwamfuta daga faifan nan yake, ba daga furosesa ba. Giga 256 ta ishi Windows da manhajojinki da takardunki. In hotuna da bidiyo sun yi yawa, a ƙara faifai na biyu.

Katin hoto na musamman ba ki da buƙatarsa, wanda ke cikin furosesan ya wadatar. Office ma in kuɗin lasisi ya yi nauyi, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe takardun Word da Excel.

Kada ki ƙarar da kuɗin duka a kan akwatin. Allo, da kibod, da linzami, da wayoyi duk daban ake saye. Allo mai inci 22 zuwa 24 da ke nuna 1920 sau 1080 ya isa, kuma kada ki yi wa idonki rowa a nan, shi za ki ƙura wa ido sa'o'i. Ki duba bayan akwatin kafin ki zaɓi allon, domin ramin jona allo na na'urorin ofis da yawa DisplayPort ne, ba HDMI ba. Da yawansu kuma ba su da Wi-Fi, sai an sa musu 'yar na'urar Wi-Fi a ramin USB. Ki tuna kuma ba ta da batir kamar ta cinya. Wuta na ɗaukewa, abin da ba ki adana ba ya tafi, don haka ki sa UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, a lissafinki ko da sai nan gaba.

Ranar saye kada ki biya sai an kunna ta a gabanki. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga shafin da ke nuna aikin na'ura, za ki ga sunan furosesa, da yawan RAM, da nau'in ma'ajiya daga bakin kwamfutar kanta, ba daga takardar da aka manna mata ba. Ki jarraba kowane ramin USB da filashinki. Ki bar bidiyo yana tafiya na ɗan lokaci kina sauraron fanka. Ki tabbatar Windows ɗin mai lasisi ce, kuma ba a kulle BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta buɗe, da kalmar sirri ba. Ki nemi garanti a rubuce ko da gajere ne. Wanda ya ƙi a kunna ko ya ƙi a buɗe, ki yi masa sallama cikin mutunci ki tafi.

Bashi kuwa ban yarda ki ci ba saboda wannan. In abin da ke hannunki bai kai ga zubi na 8 ba, ki ƙara haƙuri ki ƙara tari, ko ki faɗa mini mu ga abin da za mu iya haɗawa. Kafin ki miƙa kuɗi, ki ɗauki hoton shafin nan da na cikin akwatin ki turo mini in gani.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki amfana da ita.

Mahaifinki.