A tambayi yadda aka ɗauki hoton kafin a buga shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na ga shafin hotunan halittun teku da kuka buga kwanakin baya, kuma na yaba, domin ba kasafai ake ba wannan fanni fili ba. Sai dai hoto ɗaya ya tsaya mini a rai, na talibambam ɗin nan na teku da ya kumbura suntum, aka rubuta a ƙarƙashinsa wai yana wasa. Ba wasa yake yi ba. Talibambam ba ya kumbura sai ya tsorata. Ruwa yake haɗiya da sauri don ya fi ƙarfin bakin abin da ke son cinye shi. In ya yi haka a gaban kyamara, galibi an kore shi ne, ko an ritsa shi a lungu, ko ma an damƙe shi da hannu.

Ni mai nutso ne, da kyamarar dijital nake shiga ruwa, don haka na san abin da ke kai mutum ga wannan ɗanyen aiki. Ruwa yana shanye haske, kuma launi-launi yake shanye shi. Ja ne ke fara tafiya, tun wajen zurfin mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, har a bar ka da shuɗi da kore kawai. Wanda ya yanke a yatsa a can ƙasa zai ga jininsa na fita kore-kore mai duhu. Don a dawo da launi sai an kunna filasha, ita kuma ƙarfinta bai wuce mita ɗaya ko biyu ba. In ka tsaya nesa ka haska, ƙananan tarkacen da ke yawo a ruwa su za su ɗauki hasken, hoton ya cika da fararen ɗigo kamar ka kunna fitilar mota cikin ƙura. Ba babbar kyamara ke maganin wannan ba. Dole ka matsa kusa da dabbar, wani lokaci har ta kai tazarar kamu ɗaya. To a nan ake gane mutane: wani ya jira ta yarda da shi, wani ya tilasta mata.

A da wahalar aikin ce ke tsare dabbobin. Louis Boutan, Bafaranshen da ya fara wannan harka gadan-gadan a 1893, yakan bar kyamararsa a buɗe har kusan minti 30 kafin hoto ɗaya ya kama. A 1926 da William Longley da Charles Martin suka ɗauki hoto mai launi na farko a ƙarƙashin ruwa, a tekun Florida, sai da suka kunna garin maganeziyam, wata hoda mai ƙonewa da haske mai ƙarfi, a kan wani abu mai yawo a saman ruwa kafin haske ya isa. Ko da kyamarar shiga ruwa mai suna Nikonos ta fito a 1963, fim ɗin hoto 36 yake ɗauka, kuma ba a canja fim a cikin ruwa. Mai hoto 36 ba ya ɓarna. Yana lissafi, yana jira.

Yanzu katin ajiya ɗaya na ɗaukar dubbai, kuma nan take kana ganin abin da ka ɗauka. Alheri ne babba, ba na musu, da shi yawancinmu muka koya. Amma araha ba ta ado. Sai ka ga masu nutso sun yi layi a kan ɗan dokin-teku guda, wani ɗan kifi mai kai irin na doki, wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, jagoransu na zungurarsa da ɗan ƙarfe don ya juyo ya fuskanci gilashi. Mutane kan ɗora wa filasha laifi, ni kuwa hannu da ƙafa na fi zargi. Wanda idonsa ke kan allon kyamara ba ya ganin inda gwiwarsa ta sauka, ko da a kan murjani ne. Murjani dabba ce mai rai, ba dutse ba, kuma manyan curarrun nan ba su fi santimita ɗaya ko biyu suke ƙaruwa a shekara ba. Shuri ɗaya da takalmin iyo ya isa ya karya abin da ya girme ka. Shi ya sa nake ganin wanda bai iya tsayuwa cak a tsakiyar ruwa ba, ba ya hawa ba ya sauka, bai kai a ba shi kyamara ba tukuna.

Haƙuri kuwa yana biya. Akwai wani ɗan kifi da ke zama rami ɗaya da jatan lande a cikin rairayi. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa da shara, kifin kuma yana gadi a bakin ƙofa. Da ka matso duk su shige. Ka kwanta a kan rairayin da babu komai, ka rage numfashi don kumfa ta daina razana su, ka jira. Kifin zai fara leƙo da kai. Can sai ga jatan lande ya turo yashi waje, gashin bakinsa ɗaya na jingine a jikin kifin. Da kifin ya kaɗa wutsiya, sai jatan landen ya koma ciki da baya. Ba a samun wannan hoton da zunguri. Mai gaggawa rami kawai yake ɗauka.

Roƙona gare ku mai sauƙi ne. Duk wanda ya aiko muku da irin wannan hoto, ku tambaye shi yadda ya same shi. Kunkurun teku a hannun mutum, tauraron teku da aka ɗaga sama da ruwa, dabbar da ke ɓuya amma ga ta a fili a kan wuri mai kyau kamar an ajiye ta, duk ku yi shakka. Abin da jarida ta buga shi matasa masu koyo ke kwaikwaya.

Ku kuma nemi a rubuta wuri da rana da zurfi a ƙarƙashin kowane hoto, domin yana da amfani fiye da ado. Kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wani irin shak mai fararen ɗigo, kowanne da tsarin ɗigonsa daban. Masana na tattara hotunan da masu nutso ke ɗauka a bayan tsagogin numfashinsa na gefen hagu, su bi su da manhajar da asalinta an yi ta ne don daidaita taswirar taurari. Da haka suke gane cewa kifin da aka gani a wani gaɓar teku shi ne aka sake gani bayan shekaru, amma sai in mai hoton ya rubuta inda ya ɗauka da ranar.

Na gode.

Naku,
Wani mai nutso, mai karanta jaridarku