Barka da Sallah daga Jamus, da labarin soron da nake ginawa a lambu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk wanda ya shigo gidan yau yawon Sallah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya karɓi layyar Baba, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Inna, sannu da hidima tun kafin a fara suya. A miƙa gaisuwata ga Goggo ta Gangare da Kawu na Bukuru, a ce musu ban manta da su ba.

Mu a nan Nuremberg Sallah ba ranar hutu ba ce, sai da na nemi izini a wurin aiki. Mun yi idi da sassafe a masallacin Turkawa, domin a wannan lokaci na shekara rana kan fito biyar da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Ana sallamewa kowa ya yi musabaha ya ruga tasha. Babu kukan rago ko ɗaya a unguwa, a mayanka ake yin yanka. Shi ya sa tawa layyar na turo wa Yaya kuɗinta. Da yamma za mu haɗu da wasu 'yan'uwa na Nijar da Gana mu ci shinkafa.

Yanzu sai batun hoton nan. Na samu labarin Auta ya zaga da shi gidajen dangi yana cewa ga tashar jirgin unguwarmu, har Goggo ta ce garin Turawa tsaf-tsaf ba ko tsinke. To, Auta, tashar da ka gani ko gwiwata ba ta kai ba. Kwanciya na yi rub da ciki a kan ciyawa na ɗauke ta.

Dattijon da nake haya a saman gidansa yana da layin dogo a lambunsa. Ƙaramin layi ne na tagulla, tsakanin ƙarafansa biyu milimita 45, ya zagaye lambun, ya haye gada a kan ɗan tafki, ya shige ƙarƙashin dutse ya ɓullo. Jirgin da wutar lantarki yake tafiya, wadda ba ta wuce bolt 24 ba, ko yaro ya taɓa ba abin da zai same shi. A wannan gari aka fara ƙera irin waɗannan jiragen masu suna LGB a 1968, kuma daga nan zuwa Fürth jirgin ƙasa na farko a Jamus ya tashi a 1835, don haka mutanen garin da jirgi abin a jininsu yake. Komai na layin an rage shi sau 22 da rabi. Mutum mai tsawon mita 1.8 ya koma santimita 8, ƙofar ɗaki ta koma kusan 9. Kuma ba jirgi ne kaɗai ba, gari ne sukutum: tasha, da rumbun kaya, da tankin ruwa, da coci, da shagon burodi, kowanne da fitilarsa da ke kamawa da magariba.

Na san abin da Inna za ta ce, tsoho da furfurarsa yana wasan yara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Inna. Kwalin tasha guda ya haura Yuro 100, kuma ina roƙon Auta kada ya buga lissafinsa da naira a gabanki ranar Sallah. Dattijon gwiwoyinsa sun gaji, hannunsa ya fara rawa, sai aikin durƙuso da na ƙananan kaya ya dawo kaina a ranakun hutu. Ni kuwa abin ya shiga raina, don na ga ashe gini ne, kuma ni ɗan magini ne.

Baba, wannan ɓangaren naku ne, ku za ku fi kowa gane shi.

Gidajen a kwali suke zuwa, bango daban, rufi daban, tagogi da ƙofofi a jere a jikin sandar roba sai an yanko su. Kamfanoni irin su PIKO da Faller ke yin su da roba mai jure rana. Kafin a taɓa gam sai an jera ginin duka a tsaye a ga bakin kowane bango ya zauna da ɗan'uwansa, inda ya yi tudu a goge. Gam ɗin kuma ba kowanne ba. Sufa-gulun da muke liƙa takalmi da shi a gida ba ya aiki a waje: zafi da sanyi suka yi ta juya shi sai ya bushe ya ɓalle, kuma tururinsa yana sa gilashin taga ya yi fari fat. Wanda ake so shi ne mai narkar da fatar robar kaɗan, har bangon biyu su haɗe su zama abu guda. Shi ma in akwai fenti a bakin haɗin sai an kankare, in ba haka ba fentin ka liƙa, ba bangon ba. Sai a sa sukwaya a kusurwa, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, a bar shi ya kwana. Dattijon ba ya yarda a haɗa kusurwa fiye da biyu a yini. Ni ina ganin ya cika tsanani, amma gidajensa suna nan tsaye tun kafin in zo ƙasar, don haka na yi shiru.

Ko bayan gam ya kama, ba a barin kusurwa haka. Ta ciki ake bin ta da ɗan ƙarfen alminiyom mai lanƙwasa, a cike da silikon irin na masu haɗa tagogi. Dalili shi ne roba tana buɗewa da rana tana tsukewa da sanyi, silikon kuwa yana bin ta ba ya tsagewa. Rufi ma ba a liƙe shi. Ana barinsa a iya ɗagawa saboda gyaran fitila da share abin da ya shiga, domin gizo-gizo, da dodon koɗi, da zanzaro, har ɓera, duk suna ganin an yi musu gida kyauta. A ƙarƙashin rufin ana huda ƙananan kafofi a rufe da raga, iska ta shiga danshi ya fita.

Haɗawar duk ita ce mai sauƙi. Kafawar ce aiki. Gidan roba fanko ne, ba nauyi, iska na samun bakin rufi sai ta ɗaga shi gaba ɗaya. Dattijon ya ce a guguwar Kyrill ta Janairun 2007, wadda har jiragen ƙasa na gaske aka tsayar saboda ita a faɗin Jamus, washegari a lambun maƙwabta ya tsinto rabin garinsa. Tun daga nan ba ya ajiye gini sai da harsashi. Ana haƙa rami zurfin tafin hannu, a zuba tsakuwa a daddaɓe, a ɗora falan kankare irin na daɓen hanya, a sa lebur a ga ruwan ya tsaya a tsakiya. Tsakuwar ba ado ba ce. A hunturu ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa, ya kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma, ya tura duk abin da ke samansa. Falan da aka ɗora a kan tsurar ƙasa sanyi na wucewa za ka tarar ya karkace, tasha ta sunkuya wa layi. In tsakuwa ce, ruwan ya riga ya tsiyaye.

Daga nan sai a huda falan da injin, a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a cikin huda, a ɗaure ginin ta ciki da sukurun da ba ya tsatsa. Na ƙarfen banza damina ɗaya ya ishe shi ya zubo da jan ruwa a bango, kuma ranar kwancewa ya ƙi fita. Kwancewar kuwa dole ce, domin gine-gine marasa ƙwari ana kwashe su a kai ɗakin ajiya kafin dusar ƙanƙara. Ƙananan bukkoki rabin bulo kawai ake sa musu a ciki. Dogaye irin tankin ruwa da hasumiyar coci, rodi ake kafawa a ƙasa ya bi ta cikinsu har wuya. Rufin da na ce ba a liƙewa, maganaɗisu ne ke riƙe da shi a kusurwa huɗu, in babba ne a ƙara sukuru ta cikin bututun hayaƙi inda ido ba ya gani.

Wani abu kuma, kafin a huda ko rami ɗaya sai an turo tarago mafi tsawo ya wuce ta gaban ginin a hankali. A kan kwana cikin tarago yana shigowa, goshinsa yana fita, kuma kwanar lambun nan matsattsiya ce, wata santimita 60 ce daga tsakiyarta zuwa layi. Dakalin tasha da ya yi daidai a ido sai ka ji tarago ya goge shi.

To ga inda na nufa. Garin dattijon duk gidajen tsaunukan Turai ne masu rufi mai tsini. Wata rana muna shan shayi na ba shi labarin cewa mu ma Jos jirgi ne da kuza suka raya ta. Na gaya masa ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya hau dutse ya iso a 1914, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957, da babban layin da ya shigo ta Kafanchan a 1927. Da na ce masa faɗin babban milimita 1,067 ne, sai ya miƙe zaune, domin jiragensa kwaikwayon layi mai faɗin mita ɗaya ne, bambancin kaɗan ne. Nan take ya ba ni lungun da ke jikin shinge ya ce in gina garinmu.

Soro nake yi, da zaure, da 'yar katanga. Ba kamfanin da ke sayar da irinsa, sai da hannu. Jar ƙasa ta gaske ba za ta kai labari a ruwan ƙasar nan ba, don haka da soso mai tauri nake sassaƙa shi, irin wanda suke sa wa bango don tare sanyi. In lulluɓe shi da raga, in yaɓe da simintin tayil da na kwaɓa da jan kala. Da yatsa nake yaɓen, Baba, yadda kuke yi, don sawun hannu ya fito. Dattijon ya miƙo mini cokalin birkila na ce ya bari. Zankwaye ne suka fi ba ni wuya, don su ne abin da kyanwa ko reshe zai fara karyawa, sai na soka wa kowanne wayar tagulla ta shige cikin bango. Indararo kuma daga bututun tagulla na tsaga su, kuma ba na ado ba ne, sai sun zubar da ruwa da gaske. Na tuna kuna cewa ba ruwan da ya sauka ke kashe soro ba, wanda ya kwanta ne, shi ya sa na ɗan karkata rufin zuwa bakinsu. A bayansa ina so in ɗora duwatsu kan juna irin na Riyom, da rodi a cikinsu, kada su gangaro kan layi.

Abin da nake buƙata daga gare ku: Baba, in bangon zaure ya kai kamu takwas, zanko kamu nawa ya kamata ya yi? Nawa sun yi mini kama da kunnen zomo, na kasa gane ko tsawo ne ya yi yawa ko gindin ne ya yi siriri. Kuma indararo, nawa ake barinsa ya fito daga bango? Auta, kai kuma bayan Sallah ka je gidan tarihi na kusa da gidan zu, ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ka ɗauko mini hotuna ta gaba da ta gefe, ka sa abokinka ya tsaya jikin bango don in samu abin aunawa. Ban da hoton fuskarka a gaban komai. Kuɗin Keke da na shiga suna wajen Yaya.

Yaya, duk lokacin da nake ɗaure rufin ɗan gidan roba sai kwanon ɗakin Inna ya faɗo mini a rai, don shi ma ta baki iska ke kama shi, kuma kun san iskar da ke rako hadari a Jos. Bara na ji kuna cewa gefen gabas yana ɗagawa. Na ƙara wani abu a kan kuɗin layya saboda wannan. A kira kafinta ya duba katakon, wanda gara ta ci a sauya, a ɗaure sauran da langa-langa ya shiga cikin bulo, a sa sababbin ƙusoshi masu hula. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da aka jera a sama a sauke su. Don Allah kada Baba ya hau da kansa, ko ya ce zai hau a hana shi.

Barka da Sallar yara na cikin saƙon, Inna ce za ta raba, kowa a ba shi a hannunsa. A ajiye mini soyayyen nama a gwangwani ko da ba mai zuwa, Auta ya ci a madadina ya ba ni labari. Agogonmu yanzu yana gaban naku da awa ɗaya, zan kira ta bidiyo bayan kun idar da isha'i. A sa wayar a caji tun yanzu, kuma Baba ya riƙe mini amsar zankon.

Wassalam.

Ɗanku na Jamus.