Layin dogo ya tsaya a Ngaundere tun 1974

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Zan yi magana ne kan layin dogo da kuma baburan lantarki. Ni direban tirela ne, shekara 19 ina jigilar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere a arewacin Kamaru zuwa Njamena. Tun 1974 layin dogo ya iso garin, kuma nan ya tsaya. Da yawa daga kayan Chadi da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, a bayanmu suke ƙarasawa, ta Garwa, Marwa, Mora, har gadar Ngeli a Kuseri. Da damina, tsakanin Mora da Dabanga, na taɓa kwana uku a cikin taɓo da lodin shinkafa, ina jin ƙarar kwaɗi.

An daɗe ana maganar miƙa layin har Njamena. Ina goyon baya, ko da zai rage mana lodi. Gadar Yagwa da Bongor a kan kogin Logon ta nuna cewa in an so, ana iyawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne baburan lantarki da matasa ke ta zance a kansu. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya, ta yi tsada, 'yan acaba na kuka. To, amma da wace wuta za a yi caji? In ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, duhu muke kwana. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun taimaka. A ƙara irinsu, a sa wurin canza batir a kowace tashar mota, ƙanena ma zai saya.

Naka,
Wani direba daga Garwa